Tasirin Cutar da ta Gabata a kan Aikin Allurar Rigakafi

Gabatarwa

Idan ma'aikacin lafiya ya jera mutum goma, ya yi musu allurar rigakafi iri ɗaya, daga kwalba ɗaya, a rana ɗaya, mai kallo zai zaci cewa dukansu sun tashi da kariya daidai wa daida. To amma da za a auna jininsu bayan wata guda, sai a tarar da bambanci mai yawa. Wani jikinsa ya amsa allurar da ƙarfi tun cikin makon farko, wani sai an maimaita masa, wani kuwa da ƙyar za a ga alamarta. Dalilan wannan bambanci suna da yawa, akwai shekaru, akwai abinci, akwai gado. Wanda za a tattauna a wannan lacca shi ne cututtukan da mutum ya riga ya sha kafin ranar allura, musamman waɗanda ƙwayar bairus ke haddasawa, watau irin su agana, ƙyanda, shan-inna, mura, shawara da ƙanjamau.

Jikin ɗan Adam kamar allon almajiri yake, wanda aka daɗe ana rubutu a kansa. Ko an wanke shi, sai an ga shatin tsohuwar tawada, kuma a kan wannan shati ne sabon rubutu zai hau. Wani lokaci tsohon shatin yakan ƙara wa sabon rubutu ƙarfi, wani lokaci ya karkatar da shi, wani lokaci ma ya hana shi zama. Sanin wanne ne zai faru a cikin ukun nan muhimmin abu ne ga ɗalibin kimiyya, kuma ya fi muhimmanci ga ma'aikacin gwamnati wanda ke tsara wa al'umma shirin rigakafi, domin kuskure a nan yana iya cin dukiya, ya ci rai, ya kuma ci amanar da jama'a suka ba hukuma.

Asalin maganar

Wannan batu ya girmi ita kanta allurar rigakafi. A ƙarni na 18 likitocin Ingila suna amfani da wata dabara wadda aka daɗe da sani a Indiya, Sin, Turkiyya da wasu sassan Afirka: a ɗebo ruwan ƙurjin mai agana, a tsaga fatar mai lafiya a shafa masa, domin ya yi cutar sama-sama ya huta da mai tsanani. A karkarar Gloucestershire sai aka lura cewa akwai wasu masu tatsar shanu waɗanda ko an yi musu wannan tsaga ba ta kamawa. Da aka bincika, sai aka ga sun taɓa ɗaukar wani ƙurji marar haɗari daga hantsar saniya, wanda ake kira aganar shanu.

Likita Edward Jenner ya tattara labaran irin waɗannan mutane, sa'an nan a ranar 14 ga Mayu 1796 ya shafa wa wani yaro ɗan shekara 8 ruwan aganar shanu. Bayan 'yan makonni ya gwada shi da ruwan agana ta gaske, ba ta kama shi ba. Daga nan aka sami lamba, wadda dattawa da yawa ke ɗauke da tabonta a dantse, kuma da ita aka kawar da agana daga doron ƙasa, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 1980. Ke nan ilmin rigakafi ya faro ne daga lura da yadda cutar jiya ke sauya amsar da jiki zai bayar yau.

Yadda jiki ke tuna abokin gaba

A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai rundunoni biyu da suka shafi wannan magana. Ta farko ita ce ƙwayoyin B, masu ƙera wasu sinadarai da likitoci ke kira antibodi, waɗanda za a kira makaman jini a wannan lacca. Kowane makami an ƙera shi ne daidai da siffar wani sashe na jikin bairus, kamar yadda ake yanka ɗan makulli daidai da kwaɗonsa. Idan ya manne wa bairus sai ya hana shi shiga ƙwayoyin jiki. Runduna ta biyu ita ce ƙwayoyin T, waɗanda wasunsu ke taimakon ƙwayoyin B, wasu kuma ke hallaka duk ƙwayar jikin da bairus ya riga ya shiga.

A karon farko da jiki ya haɗu da baƙon bairus, yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin makamai su wadata. Bayan an gama yaƙi, sai a bar wasu ƙwayoyi na musamman, masu tuni, suna sintiri. Idan abokin gaba ya dawo, cikin 'yan kwanaki za su taso masa da makamai masu yawa, waɗanda kuma suka fi na farko kaifi.

Tsawon wannan tuni abin mamaki ne. A 1846 ƙyanda ta shiga tsibiran Faro da ke ƙarƙashin Danmak, bayan ta yi shekara 65 ba ta leƙa su ba. Likita Peter Panum, wanda aka aika ya duba annobar, ya ba da rahoton cewa ta kama kusan mutum 6,000 daga cikin mazauna 7,782, amma tsofaffi 98 da suka yi ta a 1781 ba ta taɓa ko ɗayansu ba. Aikin allurar rigakafi shi ne ta dasa irin wannan tuni ba tare da mutum ya ɗanɗani azabar cutar ba. Tambayar ita ce, mene ne ke faruwa idan allurar ta tarar an riga an dasa?

Inda tsohuwar cuta ke ƙara ƙarfi

Annobar korona ta ba masana damar amsa wannan tambaya a fili, domin alluran sun fito ne a ƙarshen 2020, lokacin da miliyoyin mutane suka riga suka kamu suka warke. A watan Maris 2021 masu bincike na makarantar likitanci ta Mount Sinai da ke New York, ƙarƙashin Florian Krammer, sun riga sun buga sakamakon awon jinin mutum 110. Bayan allura ta farko, makaman jinin waɗanda suka taɓa kamuwa sun ninka na waɗanda ba su taɓa ba sau 10 zuwa 45. Allura ta biyu ba ta ƙara musu wani abin kirki ba, alhali ita ce ta ɗaga na sauran. Haka kuma su ne suka fi kukan zazzaɓi, ciwon kai da kasala bayan allurar farko. Ma'ana, jikinsu ya ɗauki allurar farko a matsayin tunatarwa. Saboda irin wannan hujja hukumar lafiya ta Faransa ta ba da shawara tun a watan Fabrairu 2021 cewa allura ɗaya ta ishi wanda ya warke daga cutar.

Bugu da ƙari, an ga cewa kariyar da ta haɗu daga cuta da allura ta fi faɗi. A Singafo an gwada mutanen da suka tsira daga annobar SARS ta 2003, wadda 'yar'uwar korona ce. Da aka yi musu allurar korona, sai jininsu ya fitar da makamai masu iya tare dangogin bairus ɗin da yawa, har da waɗanda ake samu a jikin jemagu. Wani nazari da aka buga a farkon 2023, wanda ya haɗa sakamakon bincike daga ƙasashe da dama, ya nuna cewa bayan shekara guda kariya daga cuta mai tsanani ta kai kusan kashi 97 cikin 100 ga masu haɗin cuta da allura, da kusan kashi 75 ga waɗanda suka dogara ga tsohuwar cuta kaɗai.

Wannan ya shafi Afirka ƙwarai. Alluran farko sun iso Nijeriya a ranar 2 ga Maris 2021, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ya zuwa Satumbar wannan shekara kusan kashi 65 cikin 100 na mutanen nahiyar sun riga sun haɗu da bairus ɗin, akasarinsu ba tare da sun sani ba. Watau da yawa daga waɗanda suka miƙa dantse a karon farko, tunatarwa aka yi wa jikinsu. Sai dai kada a fahimci cewa neman cuta dabara ce. Waɗanda ake auna jininsu su ne waɗanda suka tsira. Mutum kusan miliyan 7 da aka rubuta mutuwarsu ba su shiga lissafin ba.

Inda tsohuwar cuta ke karkatar da jiki

Bairus ɗin ƙyanda ba ya sauya kamanni, shi ya sa tuni ɗaya ke isa har tsufa. Na mura kuwa kullum cikin sake riga yake. Nau'in H1N1, wanda ya haddasa marisuwa a 1918, ya yi ta yawo har 1957 lokacin da H2N2 ya maye gurbinsa, sa'an nan H3N2 ya zo a 1968.

Tun cikin shekarun 1950 Thomas Francis da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan ta Amurka suka lura da wani abu. Idan aka yi wa babban mutum allurar sabon nau'in mura, jininsa yakan fi ƙara makamai a kan nau'in da ya fara haɗuwa da shi yana yaro. A 1960 Francis ya sa wa wannan hali suna zunubin asali, inda ya aro kalmar daga koyarwar Kirista. Masana na baya sun fi kiransa tambarin farko. Dalilinsa kuwa mai sauƙi ne: tsofaffin ƙwayoyi masu tuni sun fi sababbi yawa da sauri, saboda haka da sun ga abin da ya yi kama da tsohon abokin gaba sai su riga kowa cafke shi, su hana sababbin ƙwayoyi damar koyon sabuwar siffar. Hali zanen dutse ne, in ji masu magana, kuma ga alama garkuwar jiki ma tana da nata halin.

Tambarin farko yana da amfani, yana kuma da illa. A annobar mura ta 2009 an auna jinin da aka adana a Amurka, aka tarar kashi 34 cikin 100 na waɗanda aka haifa kafin 1950 suna da makamai masu tare sabon bairus ɗin, alhali a cikin waɗanda aka haifa bayan 1980 kashi 4 ne kacal. Shi ya sa annobar ta fi yi wa matasa ɓarna. Haka kuma wani nazari na 2016 ya nuna cewa murar tsuntsaye nau'in H5N1, wadda ta ɓulla a gonakin kaji na Jihar Kaduna a 2006, ta fi tsanani ga waɗanda aka haifa bayan 1968, yayin da nau'in H7N9 na ƙasar Sin ya fi kayar da waɗanda aka haifa kafin wannan shekara. Shekarar haihuwar mutum ta zama alamar irin murar da zai iya jurewa.

An sake ganin wannan hali a kan korona. Alluran da aka sabunta a 2022 sun haɗa tsohon nau'i da sabon nau'in Omikron, sai aka ga jiki ya fi mai da hankali ga tsohon. Wannan na cikin dalilan da suka sa kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawara a watan Mayu 2023 cewa a cire tsohon nau'in daga alluran gaba ɗaya.

Darasin zazzaɓin dengi

Babu inda wannan batu ya yi tsanani kamar a kan zazzaɓin dengi, wanda sauro ke yaɗawa, wanda kuma ya yi mummunar ɓarna a Burkina Faso a 2023. Bairus ɗinsa nau'i huɗu ne. Wanda ya yi nau'i ɗaya ya sami kariya mai ɗorewa daga shi, amma idan wani nau'in dabam ya kama shi daga baya, haɗarin zubar jini da sumewa yakan ƙaru. A Kiyuba nau'i na 1 ya ratsa ƙasar a 1977 ba tare da ɓarna mai yawa ba. Da nau'i na 2 ya zo a 1981, sai aka sami masu cutar fiye da 340,000, mutum 158 suka rasu, akasarinsu yara.

Scott Halstead, wanda ya fara nazarin cutar a Tailan, shi ya bayyana dalili. Tsofaffin makamai sukan manne wa sabon nau'in amma ba su iya kashe shi, sai su kai shi wurin fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye baƙi, shi kuwa a cikin waɗannan ƙwayoyin yake hayayyafa. Kamar dogari ne ya kama ɓarawo bai ƙwace wuƙarsa ba, ya kai shi har cikin taska ya rufe.

A ƙarshen 2015 aka amince da allurar dengi ta farko, Dengvaxia, ta kamfanin Sanofi, bayan an gwada ta a kan yara fiye da 30,000 a Asiya da Latin Amurka. A watan Afrilu 2016 gwamnatin Filifin ta fara yi wa 'yan makaranta, har aka yi wa fiye da 800,000. A ranar 29 ga Nuwamba 2017 kamfanin ya sanar da cewa sabon nazari ya nuna allurar tana kare wanda ya taɓa yin dengi, amma tana ƙara haɗarin cuta mai tsanani ga wanda bai taɓa yi ba. A jikin irin wannan yaro allurar takan tsaya a matsayin kamuwa ta farko, saboda haka cizon sauro na gaba sai ya zama kamuwa ta biyu mai haɗari. Nan da nan aka dakatar da shirin, kuma a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a auna jini kafin a yi wa kowa wannan allura.

Ɓarnar ba ta tsaya ga dengi ba. Binciken ra'ayin jama'a ya nuna cewa 'yan Filifin da suka yarda ƙwarai da muhimmancin rigakafi sun ragu daga kashi 93 cikin 100 a 2015 zuwa kashi 32 a 2018. Iyaye suka ƙaurace wa dukan allurai, sai ƙyanda ta ɓarke a 2019, ta kama fiye da mutum 40,000, ta kashe ɗaruruwa.

Inda wata cuta ke tare hanya ko ta goge allo

Ɗigon shan-inna yana ɗauke da bairus mai rai wanda aka raunana, kuma dole ne ya zauna a hanji ya hayayyafa kafin ya yi aiki. A ƙasashe masu zafi hanjin yaro yakan kasance cike da wasu bairus 'yan'uwansa, ga kuma gudawa, sai su hana shi wurin zama. Har su kansu nau'o'i uku da ke cikin tsohon ɗigon sukan yi gasa da juna. Wani nazari da aka buga a 2008 ya ƙiyasta cewa a Nijeriya kowane zagaye na ɗigo mai nau'i uku yana ba da kariya ta kashi 16 cikin 100 kawai daga nau'i na 1, alhali ɗigo mai nau'i ɗaya yana ba da kashi 67. Wannan ita ce amsar tambayar da magidanta suka sha yi, cewa me ya sa masu ɗigo ke dawowa gida ɗaya sau da yawa. Da wannan naci aka ga bayan shan-inna na daji, wanda aka yi wa ganin ƙarshe a Borno a 2016, aka kuma tabbatar da kuɓutar Afirka daga gare shi ranar 25 ga Agusta 2020.

Cutar da uwa ta sha ma tana shafar allurar ɗanta. Uwar da ta yi ƙyanda takan ba jaririnta makamai ta mahaifa, waɗanda ke kare shi na 'yan watanni, amma kuma suna kashe bairus ɗin allura idan an yi ta da wuri. Shi ya sa ake jira sai wata 9, kuma ko a lokacin kusan yara 85 cikin 100 ne ke amsawa, don haka aka ƙara allura ta biyu a wata 15.

Ita kanta ƙyanda tana da wata mugunta ta dabam, domin ƙwayoyi masu tuni take shiga ta hallaka. A 2019 Michael Mina da abokan aikinsa sun buga awon jinin yara 77 na ƙasar Holan waɗanda ba a yi musu allura ba, kafin su kamu da bayan sun warke. An tarar sun rasa kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na ire-iren makaman da suka tara a kan wasu cututtuka. Ba a ga irin wannan asara ga yaran da aka yi wa allurar ƙyanda ba. Ƙanjamau kuwa ƙwayoyin T masu taimako yake cinyewa, saboda haka mai ɗauke da shi wanda ba ya shan magani yakan amsa allurar ciwon hanta da rauni, kuma idan garkuwarsa ta faɗi ƙwarai ba a yi masa allura mai rai irin ta shawara.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a iya fitar da darussa huɗu. Na farko, sakamakon gwajin allura a wata ƙasa ba lalle ne ya yi daidai da na wata ba, domin kowace al'umma da tarihin cututtukanta. Saboda haka kuɗin da aka kashe wajen auna jinin jama'a kafin babban shiri ba asara ba ne. Na biyu, katin rigakafi da rajistar asibiti kayan aiki ne, domin su ne ke gaya wa likita abin da aka riga aka rubuta a allon. Na uku, wanda ya taɓa yin cuta bai kamata ya ƙi allura ba, domin a mafi yawan lokuta shi ne ma ya fi cin ribarta. Na huɗu, idan an gano matsala, a gaya wa jama'a gaskiya da wuri, a kuma bambanta allurar da abin ya shafa daga sauran, don kada laifin ɗaya ya shafi duka kamar yadda ya faru a Filifin.

Tun da yake darasin farko shi ne ya fi zama a jiki, abin da ya fi dacewa shi ne a sa allura mai inganci ta riga cuta isa wurin yaro, a kan lokacin da aka tsara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma aikin masu tsara shirin lafiya shi ne su san irin iccen da ke hannunsu kafin su fara.